Allura ko tiyata: abin da aka tattauna a majalisarmu

Daren Juma'a a majalisarmu ta Tudun Wada hira ta karkata kan wani dattijo da aka gano yana da sankarar furostet, wadda ake kira kansar mafitsara, har ta kai ƙashi. A asibitin koyarwa na Shika an ba shi zaɓi: allura ko cire 'ya'yan maraina.

Wani likita mai ritaya ya ce sinadarin mazakuta, wato testosteron, ke ciyar da cutar, kuma maraina ke samar da mafi yawansa. Tun 1941 Charles Huggins a Amurka ya nuna cire su na kwantar da ciwon, ya kuma sami kyautar Nobel a 1966. Daga shekarun 1980 allurai irin su Zoladex, masu hana maraina samar da sinadarin, suka fito, tiyatar ta ja baya sosai a ƙasashen masu kuɗi.

Mu nan lissafin daban ne. Allurar duk wata ko duk wata uku ake yi, ba fashi, kuma tsadarta ta fi ƙarfin ɗan fansho. Shawarar da ta rinjaya: wanda ya san zai riƙa tsallakewa, gara tiyata, sau ɗaya ce kuma sinadarin na sauka cikin kwana guda.

Wani ya ce, "Likita, ai dandaƙa ce!" Ya amsa cewa allurar ma tana kashe sha'awa, ta kawo zufa da raunin ƙashi. Bambancin, tiyata ba a komawa baya, don haka a zauna da uwargida tukuna. Kuma ko wanne aka zaɓa, gwajin jini na PSA, da ake bibiyar cutar da shi, ba a daina shi.