Shin ƙarancin siminti ne ke tsaga jaman fulo?

Alhaji Mai Sito: Salamu alaikum. A watan Disamba aka zuba min jaman fulo, wato daɓen kankare, a sitona, tsawo mita 12, faɗi mita 8, kauri inci 6. Ba a rufa wata biyu ba tsaga ta raba shi gida biyu, har bakin wuƙa yana shiga. Maginina ya ce ni na matse hannu, wai da na ƙara buhu 20 na siminti da ba abin da zai same shi. Haka ne?

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, Alhaji. Shekara 30 ina wannan sana'a, duk daɓen da aka yi wa rowar siminti sai ya nuna.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, a nan na saɓa da ku. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, kusan rabin milimita a kowace mita. Daɓen Alhaji ke nan yana neman raguwa da wajen milimita 6, ƙasa da bango kuma sun riƙe shi, dole ya yage. Abin da ke tsukewar shi ne kunun siminti da ruwa, tsakuwa ba ta motsi. Ƙara siminti ƙara tsukewa ne. Kwaɓin 1:2:4, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ya wadatar.

Baba Magini: To ɗana, me ya sa daɓen da ba siminti yake farfashewa kamar garin rogo?

Injiniya: Wannan kun yi gaskiya, Baba, kwaɓi mai rauni samansa yana zubar da ƙura yana ɓarewa. Amma wannan ciwo daban ne. Na Alhaji tsaga ɗaya ce doguwa a tsakiya.

Ɗan Kwangila: Ku duba watan da aka yi aikin. Disamba fa, tsakiyar hunturu. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki a Kano, mun shafe daɓe da hantsi, kafin azahar iska ta zuƙe ruwan samansa, ƙananan tsagogi sun fito jere kamar an yi masa zane. Ga leburori da ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin zuba daga baro. Buhun siminti mai kilo 50 ruwa wajen lita 25 yake so, har da damshin yashi. Alhaji, kwana nawa aka yi ana ban ruwa?

Alhaji Mai Sito: Kwana biyu. Mai ruwa ya yi tsada.

Ɗan Kwangila: Kwana 7 ne mafi ƙaranci, a rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu.

Baba Magini: Duk wannan da an shimfiɗa wayar BRC, ragar ƙarfen nan da ake sawa cikin kankare, da ba a kai ga haka ba.

Injiniya: Waya ba ta hana tsaga, Baba, riƙe bakinta take yi kada ta buɗe. Shi ma sai tana sama, kamar inci 2 daga fuskar daɓe. Sau nawa muke gani an shimfiɗa ta a ƙasa, an tattake ta, an zuba kankare a kai? Maganin da na fi yarda da shi, a yanka daɓen da inji cikin yini ɗaya da zubawa, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, duk bayan mita 4 zuwa 4.5. Tsagar sai ta bi ƙasan yankan a miƙe, a cike da roba.

Baba Magini: Sabon daɓe ka sa masa inji? Wane mai gida zai yarda? Ni abin da na fi tsoro cikon ƙasar da ke ƙarƙashin daɓe ne. A jibge jar ƙasa a rana ɗaya ba a daddale ba, damina ɗaya ta zauna.

Injiniya: A nan bakinmu ɗaya. Ciko inci 6 inci 6 ake yi, ana yayyafa ruwa ana dannewa. A wuraren baƙar laka kamar Numan da gefen Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, sai an kwashe ta ko a yi daɓe mai rodi na musamman. Alhaji, ɗora miƙaƙƙen katako a kan tsagar. Idan gefe biyu daidai suke, tsukewa ce, a cike ta. Idan ɗaya ya nutse, Baba ne ya gano ciwon.

Alhaji Mai Sito: Gobe da safe in sha Allah zan auna, kafin motar masara ta iso.