Neman shawara kan karatun likita na DO a Amurka da yadda zagayen asibiti yake

Mazaunin Jidda

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocinmu da ɗalibanmu. Yarinyar wajena ta yi sakandare a nan Jidda, yanzu kuma tana shekara ta uku a wata jami'a a Amurka, inda take karanta ilimin halittu a kan bizar ɗalibai. Burinta tun tana ƙarama ta zama likita, kuma a hutun da ya wuce ta shaida mini cewa za ta nemi makarantun da ke ba da digirin DO (Doctor of Osteopathic Medicine) tare da waɗanda ke ba da MD (Doctor of Medicine). Ni dai abin da na sani shi ne MBBS, wanda 'ya'yan abokaina suka yi a Hartum da Jidda. Da na tambayi wani maƙwabcina da ya zauna a Ingila, sai ya ce masu wannan karatu tausa da gyaran gaɓoɓi suke yi, ba sa rubuta magani, ba sa shiga ɗakin tiyata. Maganar ta dame ni, domin kuɗin da ake ambata ba kaɗan ba ne. Shin mai DO cikakken likita ne? Ta yaya ake neman gurbin? Kuma yaya shekarun asibiti suke ga yarinya Musulma mai sa hijabi? Allah ya saka da alheri.

Likita a Riyad

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maƙwabcinku ya faɗi gaskiya game da Ingila, amma ba ita ce gaskiyar Amurka ba. A Ingila da Faransa da Ostareliya akwai masu sana'ar jiyya da hannu da ake kira osteopath, sunan da ke cikin digirin DO, kuma ba likitoci ba ne. A Amurka kuwa mai DO yana karatun shekara huɗu bayan digirin farko, yana samun lasisi a dukkan jihohi 50, yana rubuta magani, yana tiyata idan ya ƙware a fannin. Asalin abin wani likita ne, Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantarsa a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, bisa ra'ayin cewa ƙashi da tsoka da jijiyoyi suna da hannu a lafiyar jiki baki ɗaya. Tun daga lokacin makarantun suka rungumi ilimin magunguna da tiyata na zamani, har ya zama bambancin da ya rage a manhaja shi ne darasin jiyya da hannu, OMM, na kimanin awa 200. A yau kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a makarantun DO suke, kuma tun 2020 hukuma guda, ACGME, ke tantance horon ƙwarewa na masu MD da masu DO, saboda haka asibiti ɗaya suke nema, aiki ɗaya suke yi. Na yi horona tare da su, kuma idan ba ka duba katin da ke ƙirjin mutum ba, ba za ka gane wane ne wane ba.

Game da nema, ana cike takardu ne ta manhajar AACOMAS, wadda ake buɗewa a watan Mayu, sama da shekara guda kafin shiga aji. Makarantun suna duba takardu ne yayin da suke isowa, suna kuma ba da gurbi a hankali har kujeru su ƙare, don haka wanda ya miƙa a Yuni ya fi wanda ya bari sai Nuwamba, ko da makinsu ɗaya. Za ta buƙaci darussan ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks tare da aikin ɗakin gwaje-gwajensu, sai jarrabawar shiga makarantar likitanci, MCAT, wadda ake shafe sama da awa 7 ana yi, makinta kuma daga 472 ne zuwa 528. Akwai bayanin kai da za ta rubuta, da wasiƙun shaida daga malamai, kuma makarantu da dama suna son ganin wasiƙa daga likita mai DO wanda ta bi shi ta ga yadda yake aiki. Tun da a can take karatu, ta nemi irin wannan likitan tun yanzu.

Abin da ya fi wannan duka nauyi a wajenku shi ne matsayinta na baƙuwa. Makarantu da yawa 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kawai suke ɗauka, waɗanda ke karɓar baƙi kuma ba sa ba su bashin karatu na gwamnatin tarayya, kuma sai an nuna shaidar kuɗi kafin a fitar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibai. Kuɗin makaranta kaɗai a wurare da yawa ya haura dala dubu 50 a shekara, dala kuma Riyal 3.75 ce, ban da haya da abinci da inshora da mota. Ƙungiyar makarantun, AACOM, tana da jerin da ke nuna waɗanda ke karɓar baƙi; daga nan ya kamata ta fara, kada ta ɓata kuɗin fom a inda ƙofa take rufe.

'Yar Makka a Amurka

Baba, ina gaishe ku. A Makka na tashi, na kuma gama DO, yanzu ina horon ƙwarewa a fannin lafiyar iyali. Likita ya gama da maganar nema, ni zan yi magana kan asibiti, domin a ganina nan ne makarantun DO suka bambanta da juna fiye da yadda suka bambanta da na MD.

Shekara biyu na farko a aji ake yi, sannan a rubuta matakin farko na COMLEX, jarrabawar lasisi ta masu DO, wanda tun 2022 ba a ba da maki a kansa, ci ne ko faɗuwa. A shekara ta uku ake fara zagaye: cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, taɓin hankali, da lafiyar iyali, kowanne mako huɗu zuwa takwas gwargwadon tsarin makaranta. A ƙarshen kowane sashe akwai jarrabawar COMAT, sannan likitan da ka bi ya rubuta rahoto a kanka, kuma kalaman da ya rubuta suna shiga wasiƙar da makaranta za ta aika wa asibitoci lokacin neman horon ƙwarewa. Wannan ya sa zuwa da wuri da ladabi ga ma'aikatan jinya suke da tasiri kusan kamar karatu.

A sashen cututtukan manya za a ba ta marasa lafiya biyu ko uku su zama nata. Da sassafe za ta duba sakamakon gwajin jininsu, ta tambayi ma'aikaciyar dare abin da ya faru, ta duba su da kanta, sannan ta tsaya gaban babban likita da tawagarsa ta ba da bayani cikin 'yan mintoci, ta kuma faɗi abin da take ganin ya kamata a yi. Za a yi mata tambayoyi a gaban jama'a har sai an kai inda saninta ya tsaya, kuma ba don wulaƙanci ba ne, haka ake koyarwa. Tiyata ce ta fi gajiyarwa, domin kafin asuba ake fita, a wuni a tsaye ana riƙe da ƙarfen buɗe rauni, sai a ƙarshe a bar ɗalibi ya yi ɗinki ɗaya ko biyu. Sashen haihuwa yana da kwanan asibiti. Lafiyar iyali da taɓin hankali sun fi sauƙi ta fuskar lokaci.

Abin da ba a cika gaya wa iyaye ba shi ne yawancin makarantun DO ba su da babban asibitin koyarwa nasu na kansu, irin yadda Jami'ar Sarki Abdul'aziz take da nata a Jidda. Yarjejeniya suke yi da asibitocin gari da likitoci masu zaman kansu, wani lokaci a wata jiha dabam, sai a rarraba ɗalibai. Wanda ya dace da asibitin da ke da masu horon ƙwarewa zai koyi aikin tawaga, ya kuma samu masu rubuta masa wasiƙa. Wanda aka tura wurin likita guda a ƙaramin gari zai iya sa hannu a aiki sosai, tun da ba shi da abokin takara, amma zai iya gama wata guda na tiyata bai ga komai ba sai cire matsarmama da gyaran gwaiwa. Saboda haka idan an kira ta ganawa, ta tambaya a fili: a ina ɗaliban shekara ta uku suke zagaye, a wuri ɗaya ake zama ko ana ƙaura duk wata, wa ke shirya jadawalin shekara ta huɗu, kuma wa ke biyan haya idan an tura mutum nesa. Makarantar da ta daɗe, irin ta Philadelphia da aka kafa a 1899, ko ta gwamnati irin ta Jami'ar Jihar Michigan, ta riga ta ƙulla alaƙa da asibitocinta. Sabuwar makaranta kuwa sai an bincika da kyau.

A shekara ta huɗu ɗalibi yakan je wata guda a asibitin da yake son ya yi horo, ya yi aiki kamar sabon likita domin su gan shi. A Satumba ake aika takardu, a yi ganawa cikin hunturu, a watan Maris kuma a sanar da inda kowa ya samu. Fiye da rabin masu DO suna aiki ne a lafiyar iyali da cututtukan manya da yara. Fannoni masu tsananin gasa, irin su fata da tiyatar ƙwaƙwalwa, ana shigarsu da DO, amma hanyar ta fi tsauri, shi ya sa ɗalibai da yawa suke ƙara rubuta USMLE, jarrabawar lasisi ta masu MD, a kan COMLEX ɗinsu.

Maganar hijabi, ban taɓa cire nawa a ɗakin marasa lafiya ba. A ɗakin tiyata ana rufe kai da hular asibiti mai saukowa har wuya, kuma ya fi kyau a yi magana da shugabar ma'aikatan ɗakin kafin ranar farko. Inda ya kamata ku zauna ku yi shawara da ita shi ne darasin OMM, domin ɗalibai a jikin junansu suke koyo, maza da mata, da tufafin motsa jiki marasa nauyi, kuma makarantu suna rubuta wannan a cikin sharuɗɗan shiga. Wasu suna sassautawa saboda addini idan an nema a rubuce, wasu kuma suna tsayawa kan sharaɗinsu. Ta samu amsa a rubuce kafin ta biya kuɗin kama gurbi, domin galibi ba a mayar da shi.

Mazaunin Jidda

Na gode, Likita, na gode, 'yata, Allah ya yi albarka. Hankalina ya kwanta kan ingancin karatun. Saura abu guda: ba na son ta dawwama a can. Idan ta gama, za ta iya aiki a nan Saudiyya ko a gida Najeriya da wannan takarda? Kuma da ba zai fi mana sauƙi ba ta dawo ta yi MBBS a wata kwaleji mai zaman kanta a Jidda?

Likita a Riyad

Alhaji, lasisi kowace ƙasa da hukumarta. A nan Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, SCFHS, ce ke tantance takardu ta sanya wa likita matsayi, bayan kamfanin DataFlow ya tabbatar da sahihancinsu daga makarantar da ta bayar. A Najeriya kuma hukumar da ke yi wa likitoci rajista, MDCN, ce. Ku rubuta wa dukansu biyu, ku ambaci sunan makarantar da sunan digirin, ku kuma bayyana cewa na Amurka ne, domin ma'aikacin da ya saba ganin takardun Turai zai iya ɗaukarta a matsayin mai jiyya da hannu. Ku ajiye amsar. Abin da ya fi ɗaga darajar likita a kasuwar aiki ta nan shi ne kammala horon ƙwarewa a Amurka da samun shaidar hukumar fanninsa, don haka ku sa a lissafi cewa bayan shekara huɗu na makaranta akwai aƙalla uku na horo, tiyata kuwa biyar, kuma a waɗannan shekarun ana biyanta albashi. Da yake baƙuwa ce, za ta buƙaci asibitin da ke ɗaukar nauyin biza, J-1 ko H-1B, kuma ba kowane asibiti ke yi ba. Bizar J-1 tana da sharaɗin komawa ƙasar mutum na shekara biyu bayan horo, wanda bai saɓa wa burinku ba.

Dawowa Jidda kuwa na nufin ta fara daga farko, domin MBBS na nan daga sakandare ake shigarsa, shekara shida ne sannan shekarar imtiyaz, wato ta koyon aiki a asibiti, kuma ba lallai a lissafa mata digirin da take yi ba. Ga kuma batun iƙama da na samun gurbin horon ƙwarewa, wanda 'yan ƙasa ake fara bai wa. Da tana ajin ƙarshe na sakandare ne da na ce ku duba wannan hanyar da kyau. Tun da ta kusa gama digiri a can, shawarata ita ce ta rubuta MCAT a wannan bazarar, ta ware makarantun MD da na DO da ke karɓar baƙi, sannan ku zauna ku lissafa kuɗin shekara huɗu cif kafin ta aika fom ko ɗaya.