Ajiyar mako ta tashi daga giga 2 zuwa giga 186 a dare ɗaya

Baban Zainabu, unguwar Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur a gida, ta hannu ce, daga Kwatano aka kawo mini ita. Hotunan biki da na suna nake ɗauka, a cikinta nake tara su. Duk daren Lahadi ina jona wani diski na waje mai giga 500, manhajar ajiya ta duba abin da ya canza tun makon jiya, ta kwafe shi kaɗai cikin sabuwar jaka mai kwanan wata. Tun watan Nuwamba haka muke yi, giga 1 ko 2, kafin in gama shayi ta ƙare.

To, Lahadin ƙarshen watan Maris na jona shi bayan Isha'i, har na yi barci abin bai ƙare ba. Da asuba na ga giga 186! Alhali biki ɗaya kacal na ɗauka a makon, na wata ɗiyar maƙwabta, bai kai giga 3 ba. Na buɗe jakar, sai ga hotunan bara da na bara waccan duk an sake kwafo su. Diskin ya kusa cika. Me ya jawo wanga abu?

Maman Abdul:
Wa alaikumus salam. Malam, ko yara sun taɓa? Ni ɗana ya taɓa canza sunan babbar jakata daga "Hotuna" zuwa "Hotunan Mama", sai manhajar ta ɗauka sabbin kaya ne, ta kwashe duka. Yawancinsu da suna da wurin zama suke gane fayil.

Ɗan Gulbi:
Birus ne, walla. Akwai mai bin fayiloli yana kulle su ɗaya bayan ɗaya, komai ya zama ya canza. Cire diskin tukuna, ka buɗe tsofaffin hotuna goma ka ga ko suna buɗuwa.

Baban Zainabu:
Hajiya, sunayen na nan yadda suke, ɗakin ma a kulle yake. Ɗan Gulbi ka tayar mini da hankali, amma na buɗe sun fi talatin, lafiyarsu lau.

Mai gyara, Sabon Gari:
Alhaji, ranar da ka faɗa ita ta sa na tsaya. Dubi agogon kwamfutarka ka gwada da na wayarka. In ya wuce da awa guda, mun kama ɓarawon.

Kwamfutocin da ke zuwa mana daga Turai da yawa suna kan lokacin Paris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinsu da namu ɗaya ne, shi ya sa ba wanda ke lura. Amma Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa guda, mu kuwa a Nijar ba mu taɓa namu. Kwamfutarka ta bi su.

Sai maganar diskin. Danna shi da maɓallin dama, ka shiga Propriétés. Ina zaton FAT32 za ka gani, wato sunan tsarin da diskin ke bi wajen rubuta fayiloli. Diskin cikin kwamfuta wani tsarin yake bi, NTFS, yana rubuta lokacin fayil da agogon duniya, wanda ba ya motsi. FAT32 kuwa abin da agogo ya nuna a lokacin shi yake rubutawa, babu ruwansa da yanki. Da agogo ya matsa, sai kowane hoto ya bambanta da kwafinsa da awa ɗaya daidai. Manhajar ba ta kallon hoton, lokaci da girma take dubawa. Ta ga bambanci, ta ce an taɓa shi.

Shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka mayar da yankin zuwa "Afrique centrale - Ouest". Kada ka ja agogon baya da hannu ka bar Paris, a Oktoba abin zai dawo maka.

Baban Zainabu:
Allahu Akbar! Ta wuce da awa guda cif. Na lura tun ranar Litinin, na ce batirin ciki ne ya fara mutuwa. Diskin ma FAT32 ne, ƙanena ya mayar da shi haka don talabijin ɗin falo ta iya karanta shi. Na gyara yankin. Giga 186 ɗin fa, in goge?

Mai gyara, Sabon Gari:
Batiri in ya mutu baya yake jan agogo, har shekara takan ɓace, ba ya tura shi gaba.

Kada ka yi gaggawa, bikin ɗiyar maƙwabtan na cikin jakar nan. Kwafe shi gefe guda. Sannan in manhajarka na da wurin goge tsohuwar ajiya, goge daga can, don wasu suna riƙe lissafin abin da suka kwafa, in ka share da hannu sai su rikice. Lahadi mai zuwa ma za ka iya ganin ya ɗan fi yadda ka saba, don abin da aka rubuta da agogon Paris yanzu shi ne ya saɓa.

Shawarata diskin ya koma NTFS. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya haura giga 4, ranar da ka fara bidiyon biki zai ƙi. Talabijin kuma a saya mata kile nata, wato ɗan ƙaramin diskin USB. Amma kada a taɓa diskin sai hotunan na wani wuri na biyu, kuma ba da rana ba, yanzu da zafi ya shigo wuta na yawan ɗaukewa.

Baban Zainabu:
Allah ya saka da alheri. Zan aro diskin ƙanena ranar Juma'a, tunda shi ya fara jawo mana.