Yaya ake adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami?

Ɗan Zazzau: Jama'a, idan iyali na da littattafan ajami na gado cikin gafaka, yaya laburare zai adana su ba tare da ya raba su da masu su ba?

Mai Alƙalami: A ɗauki hoton kowace warƙa, gaba da baya, sannan a mayar wa iyalin kayansu. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, don haka a sa musu lamba da fensir tukuna. In sun cakuɗe, duba kalmar da ke ƙasan shafi: da ita shafi na gaba yake farawa.

Yar Sakkwato: Malam, ban da salatef, gam ɗinsa ɓata takarda yake. Ruwa kuwa wanke tawadar yake yi. A ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango, saboda gara da danshin damina.

Bakano: Tuntuɓi Arewa House da ke Kaduna, aikinsu ne.