Muhawara: Dokar masu naƙasa ta kai ga yaranmu masu jinkirin fahimta?

Abu Yasir, Jidda: Jama'a, ni a ganina gwamnati ta fita haƙƙinsu. Tun 2008 Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, a 2023 kuma ta fito da sabuwar doka da ta hana nuna musu bambanci. Dokar ƙwadago ma ta ce kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama ya ware musu kashi 4 cikin 100 na guraben aikinsa. Wanda ya kulle ɗansa a ɗaki yanzu, laifinsa ne.

Maman Walid, Makka: Haba Yaya, kar ka ɗora mana. Ɗana Walid yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita mai jawo jinkirin fahimta, shekararsa 22, ya iya jera kaya a kanti tsaf. A tsarin Niɗaƙat, wanda ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar wani adadi na 'yan ƙasar Saudiyya aiki, ana lissafa ɗan ƙasa mai naƙasa ɗaya a matsayin mutum huɗu, shi ya sa wani kamfani ya karɓi sunansa da murna. Sai suka ce ya zauna a gida, za a riƙa turo masa wani abu. Sunansa suke so, ba shi ba. Kullum da safe sai ya sa jallabiyarsa ya tsaya bakin ƙofa yana tambayar yaushe za a kai shi aiki. Wallahi abin na ci mini rai.

Abu Yasir: Allah ya ba ki lada, ƙanwata. Amma ai wannan ɗaukar bogi ce, doka ta hana. Ki kai ƙara ma'aikatar ƙwadago.

Malam Sani, Madina: Alhaji, wa zai kai ƙarar? Gurgu ko makaho zai iya tsayawa ya faɗi abin da aka yi masa. Mai jinkirin fahimta sai waliyyinsa ya tsaya masa, waliyyin kuwa tsoro yake kar ɗan abin da ake samu ya yanke. Kuma Walid ɗan ƙasa ne. Lissafin nan na huɗu bai shafi 'ya'yanmu masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, ba, balle waɗanda aka haifa a nan babu takarda.

Hajiya Inna, Makka: Ku bar gwamnati tukuna. Mu nawa ne muke ce musu wawa ko taɓaɓɓe, muna ɓoye su ranar biki? Abu Yasir yana da gaskiya a nan.

Maman Walid: Inna, ban taɓa ɓoye Walid ba, har Harami tare muke zuwa. Yaya, zan kai ƙarar, amma ka zo mu je tare, ka fi ni sanin ofisoshin.