Ibrananci a wa'azi: yaya za mu gane bayanin gaskiya?

Malamar ajin matasa, Tudun Wada, Jos

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Sau da yawa mai wa'azi yakan ce "a Ibrananci kalmar nan tana nufin kaza", jama'a su ce amin, ba mai iya dubawa. Ina son misalai daga ayoyin da kowa ya haddace, da kuma hanyar da wanda bai je makarantar tauhidi ba zai bi ya tabbatar.

Fasto mai ritaya, Bukuru

'Yata, fara da Zabura 23:6, inda alheri da ƙauna za su "bi" mai zabura dukan kwanakin ransa. Kalmar ita ce radaf, wato fafara. Ita ce aka yi amfani da ita a Fitowa 14:8-9 sa'ad da Fir'auna ya fafari Isra'ilawa da karusansa. A aya ta 5 an ambaci maƙiya, sai a aya ta 6 ka ga abin da ke bin sawun mutumin da gudu alherin Allah ne. Wannan bayani ya tsaya da ƙafafunsa domin ayar da ke kusa ta goyi bayansa.

A aya ta 6 ɗin kuma akwai hesed, wadda ta fito kusan sau 250 a Tsohon Alkawari, kuma tana cikin kowace aya ta Zabura 136, duka 26. Ƙauna ce mai riƙe alkawari ko da ɗaya ɓangaren ya saɓa. Shi ya sa fassarori suka rarrabu a kanta: wani ya ce jinƙai, wani alheri, wani madawwamiyar ƙauna. Ba wanda ya yi kuskure, kowa ya kama gefe guda ne.

Mu masu Hausa muna da sa'a a kan shema, wato "ji", ta Maimaitawar Shari'a 6:4. In uwa ta ce "yaron nan ba ya ji", ba kurma take nufi ba. Haka Ibrananci yake: ji da biyayya kalma ɗaya ce.

Malamin Tsohon Alkawari, Jos

Baba ya yi daidai. Ga yadda za ki duba da kanki, Malama. Sauke STEP Bible ko Blue Letter Bible a waya, buɗe ayar, taɓa kalmar, za ki ga lambar Strong, wato lambar da aka ba kowace kalmar Ibrananci don sauƙin nema: radaf 7291 ce, hesed 2617. Kada ki tsaya a jerin ma'anonin da zai fito. Buɗe wuraren da kalmar ta bayyana, ki karanta aƙalla goma, ki fara da na cikin littafin da kike nazari. Sa'an nan ki koma ayarki ki ga wace ma'ana ta zauna.

Inda ake faɗuwa shi ne a kwashe dukan ma'anoni a ɗora wa aya ɗaya. Ɗauki nefesh. A Zabura 69:1 ruwa ya kai nefesh, wato wuya. A Farawa 2:7 mutum ya zama nefesh mai rai, kuma da wannan kalma aka kira dabbobi a Farawa 1:24. A wasu wurare tana nufin marmari ko "ni kaina". Duk wanda ya ce ko'ina kurwa ce, zai gina koyarwa a kan rairayi.

Sai batun saiwar kalma. Lehem, gurasa, da milhama, yaƙi, suna da baƙaƙe uku iri ɗaya, amma wannan bai sa gurasa ta ƙunshi yaƙi ba. Siffar aikatau ma tana sauya ma'ana: daga saiwar shalom, wato salama, ake samun "biyan diyya" a Fitowa 21:36, bijimi a madadin bijimi. Abin lura kuma, a Zabura da yawa Ibrananci yana ƙirga kan maganar da ke saman zaburar a matsayin aya, don haka 69:1 tamu ita ce 69:2 a can.

Mamar zumuntar mata, Anguwar Rukuba

Na gode Malam da ka ambaci shalom. Irmiya 29:11, inda Allah ya ce nufinsa gare su na shalom ne, ake rubutawa a katin biki, amma a karanta daga aya ta 7. Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, an ce su nemi shalom na birnin da ya ci su da yaƙi, aya ta 10 kuma ta ce shekara 70 za su yi. Kalmar ta haɗa lafiyar jiki, wadata da zaman lafiya da maƙwabci, kamar yadda "lafiya" take a gaisuwarmu. A gari irin Jos, aya ta 7 ce ya kamata matasanmu su fara haddacewa.

Fasto mai ritaya, Bukuru

Ƙari ɗaya, 'yata. In bayanin Ibrananci ya kai ki inda babu fassara ko ɗaya da ta je, ta Hausa ko ta Turanci, dakata, ki kai wa malami a makarantar tauhidi ta TCNN da ke Bukuru ko ta JETS da ke Jos ya duba kafin ki koya wa yara.