Mijina ya faɗa cacar ƙwallo, ina son a raba mu, ta ina zan fara?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu 7 da aure a Kano, yaranmu biyu. Shekara biyu ke nan mijina yana cacar ƙwallo a waya. Ya sayar da keken ɗinkina, ya kwashe kuɗin adashena, yanzu ko cefane ba ya bayarwa. Sau uku iyaye suna zama, ya dafa Alƙur'ani, ya koma. Ya ce shi ba zai sake ni ba. Sadakina dubu 80 ne, ba ni da su. Dole sai na yi khul'i, wato na biya shi kafin a raba auren? Yaran fa, wa za a ba?

Hajiyar Gwammaja: Ki yi haƙuri 'yar nan, ki dage da addu'a, ki sa manya su yi masa magana.

'Yar Zariya: Hajiya, ta ce an zauna sau uku. Ni haƙurin nan ne ya kai ni ya baro. Shekara 9 na yi. Farko ɗan kunnen gwal ɗina ya ɓace, na zargi 'yar aiki, na kore ta, Allah ya yafe mini. Sai firij, sai kujerun da babana ya yi mini na kayan ɗaki. Kullum maganarsa ɗaya: wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti, gobe zai ci. Ranar da ɗana ya kwanta zazzaɓi na buɗe gwangwanin da nake ajiya, babu ko sisi, ranar na tafi gidanmu. A kotu na biya dubu 150 kafin na fita, alhali sadakina 50 ne.

Abban Sadik: 150? An cuce ki. Ƙanwata sadakinta kawai ta mayar, dubu 60, zama biyu aka gama.

'Yar Zariya: Shi ya kafe, ni kuma na gaji da zaryar kotu. Wata takwas fa.

Ɗalibin Ilimi: Asalin khul'i yana cikin Baƙara aya ta 229, kuma matar Sabit bin Ƙais gonar da ya ba ta kawai ta mayar. Amma Maman Biyu, naki ba lallai khul'i ba ne. A mazhabar Malikiyya alƙali yana raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, mace ba ta biya komai ba. Ki nemi shaidu, wanda ya sayi keken da uwar adashe. Renon yara kuma uwa ce kan gaba matuƙar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa na kan uba.

Abban Sadik: Malam, ka taɓa shiga kotu kuwa? Littafi daban, gaban alƙali daban. Ta fara zuwa Hisbah.

Hajiyar Gwammaja: Duk ku yara ne. Mu da muka aurar muka ga jikoki mun fi ku sanin abin da zawarci yake.

Ɗan Arsenal: Ku tambaye ta wane kulob yake sa wa kuɗi, ƙila matsalar daga can take.

Maman Biyu: Haba ɗan uwa, kuka nake yi. Malam, saƙonnin banki da ke wayata za su zama shaida?

'Yar Zariya: Ki adana su duka. Kuma ki duba ko bai ci bashin manhaja da lambarki ba. Tsohon mijina haka ya yi, har bayan na gama idda masu bashin suna kirana.

Uwar Marayu: Wallahi waɗannan masu bashin waya sun fi 'yan caca mugunta. Ɗan yayata dubu 15 ya karɓa, suka tura hotonsa ga duk lambobin da ke wayarsa, har limamin unguwa, wai ɓarawo ne.

Abban Sadik: A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma cacar tana cikin waya, bashin ma haka. Su waɗannan wa zai rufe su? Akwai wanda ya san inda ake kai ƙararsu?